Darasi na 7: Gano abin da ke cinye ƙarfin kwamfuta

Wani dattijo a ajinmu na yamma ya taɓa kai kwamfutarsa wurin mai gyara saboda tana tsayawa cak. Ya biya kuɗin adaidaita sahu, ya biya na gyara, ashe ba abin da ya lalace. Manhajoji ne suka yi mata yawa lokaci guda. Yau za mu leƙa cikinta mu ga wa ke cinye ƙarfin. A Windows, wurin leƙawar sunansa Task Manager.

Ku dubi maɓallan rubutu. Can ƙasa ta hagu akwai Ctrl. A wasu kwamfutocin Fn ne a kusurwa, Ctrl na gefensa, don haka ku karanta abin da ke rubuce. A samansa akwai Shift. Can sama a kusurwar hagu akwai Esc.

Ku danne Ctrl da yatsan hagu, kada ku ɗaga. Ku ƙara danne Shift, shi ma kada ku ɗaga. Yatsu biyu suna ƙasa ke nan. Sai ku kawo hannun dama ku taɓa Esc sau ɗaya, sannan ku saki duka.

Bai buɗe ba? Ba komai, Hajiya, kowa da haka ya fara. Kin ɗaga Ctrl ne kafin ki taɓa Esc. A sake. Ctrl a danne, Shift a danne, Esc sau ɗaya. A sake kuma, har sau biyar. Masu danna su ɗaya bayan ɗaya kamar ana ƙirga kuɗi, na faɗa tun makon jiya, ba zai buɗe ba! Biyun farko riƙe su ake yi.

Idan ƙaramin akwati ya fito, ku latsa More details a ƙasansa. Za ku ga sunayen manhajoji a jere, da lambobi a gabansu. CPU shi ne ma'aikacin, 100% na nufin aiki ya sha kansa. Memory kamar teburin mai awo ne a kasuwar Rimi, in ya cika ba inda za a ɗora wani kwano. Kwamfuta mai ƙaramin Memory, kamar 4GB, ba ta da wuyar cika, musamman in an buɗe shafuka da yawa a Chrome, manhajar shiga intanet. Ku latsa kalmar Memory, mai cin da yawa zai hau sama.

In manhaja ta ƙi motsi, ku zaɓe ta ku latsa End task. Duk abin da ba ku adana a cikinta ba zai tafi. Sunan da ba ku sani ba kuwa, don Allah ku ƙyale shi.

Darasi na 8

Disk (ma'ajiyar fayiloli) da Network (hanyar intanet) ma haka ake duba su a Task Manager. Ku gwada a gida.

Darasi na 9

In fankar cikin kwamfuta na ƙara da zafin bazara, ku duba ko ƙurar hunturu ta toshe ramukan iska. Kada ku ɗora kwamfuta a kan katifa.