Kurakuran da aka fi yi wajen neman littattafan kyauta a waya, da yadda za a gyara

Babban kuskure shi ne fara littafi ba tare da an duba ko kammalalle ba ne. A guruf-guruf na WhatsApp da Telegram, yawancin marubutan onlayin suna sakin shafukan farko kyauta, goma ko ashirin, sai labari ya kai inda amarya ta gano mijin yana da wata matar a ɓoye, nan za ka ga an rubuta cewa shafukan kyauta sun ƙare, mai son ci gaba ya biya. Wannan ba yaudara ba ce, sana'a ce, kuma galibi marubuciyar ta faɗa tun a shafin farko, mai karatu ne ya tsallake gabatarwa don ɗokin labari. Gyaran mai sauƙi ne. Kafin ka karanta layi ɗaya, gangara ƙarshen fayil ɗin. In ka ga "Tammat bi hamdillah" ko "Ƙarshe", ka samu cikakke. In ka tarar da lambar asusu, ka san talla ce ka riƙe. A Wattpad, manhajar karanta labarai, kuwa akwai alamar da ke nuna labarin da aka kammala, sannan ka duba ranar da aka ɗora babi na ƙarshe. Labarin da ya shekara biyu ba a ƙara masa komai ba, da wuya mai shi ya dawo.

Masu karanta littattafan yaƙi da aljanu da matsafa su wannan ya fi cizo, domin irin waɗannan labarai ba sa ƙarewa a littafi ɗaya. Sai mutum ya sauke fayil mai suna iri ɗaya da wanda yake nema, ashe na uku ne, jarumi ya riga ya mallaki takobin da aka kwashe littafi biyu ana nema. Ka fara gano littafi nawa ne jerin, ka tara su, ka sake musu suna da lamba a gaba, 01, 02, 03, don wayar ta jera su daidai. In ka sa 1, 2, 10 kawai, wasu manhajojin za su ɗora 10 a gaban 2.

Sai batun irin fayil, wanda mutane ba su cika kula da shi ba har sai ido ya fara ciwo. PDF an tsara shi ne a kan girman takarda, shi ya sa a ƙaramar waya kake ta ja hagu da dama kana buɗawa da yatsu biyu. EPUB shi ne na karatun waya: rubutun yana bin faɗin allon, kana ƙara girman haruffa yadda kake so, kana mayar da bango baƙi da dare. In an ba ka zaɓi, ɗauki EPUB, ka buɗe shi da manhaja irin su ReadEra ko Moon+ Reader, duka suna da na kyauta a Play Store. Nauyi ma ya bambanta. Littafin rubutu zalla a EPUB sau da yawa ba ya kai megabait ɗaya ko biyu, amma PDF ɗin da aka ɗauki hoton shafukansa ɗaya bayan ɗaya yana iya cin megabait talatin ko fiye, ga shi ba a iya neman kalma a ciki.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da Hausa. Ka buɗe fayil na TXT ka ga duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ya kamata ya fito, alamar tambaya ce ko ɗan akwati. Da yawa sukan goge shi su ce ya lalace. Sau da yawa bai lalace ba, manhajar ce ta karanta shi da tsarin haruffan da ba nasa ba. Shiga saitin manhajar, nemi wurin zaɓen tsarin haruffa, ka sa UTF-8. In akwatunan ba su tafi ba, canza salon rubutun, domin wasu salon ba su da haruffa masu lanƙwasa sam.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne danna kowane maɓalli mai rubutun "Download". Shafukan da ke tara littattafai suna rayuwa ne da talla, kuma babban maɓallin kore mai ƙyalli galibi na mai talla ne. Na gaskiyar ƙarami ne, yana can ƙasa. Ka kalli ƙarshen sunan abin da ke sauka: littafi yana ƙarewa da .epub, .pdf, .txt, .doc ko .docx. In ka ga .apk, manhaja ce za ta shiga wayarka, ka soke nan take. Haka duk shafin da ya ce sai ka sa lambar waya, ko ka turo lambar sirrin da aka aiko maka ta saƙo kafin ka karanta. Da irin wannan ake sace WhatsApp ɗin mutane, da shi kuma ake sa layi cikin rajistar da ke cinye kati kullum.

A soyayya da rikicin gida, kuskuren na zaɓi ne. Bango da suna ba sa faɗin abin da ke ciki. Labarin kishiya da uwar miji da rabon gado yana iya zama wanda za a karanta a tsakar gida, yana kuma iya ɗauke da abin da marubuciyar da kanta ta rubuta cewa na matan aure ne. Karanta gargaɗin farko, musamman in wayar tana shiga hannun ƙanne. Don yara ma akwai African Storybook, mai littattafan hotuna kyauta har da na Hausa.

Mai karanta Turanci yana da Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, da littattafai sama da 70,000, duk halal ne saukewa a ƙa'idar Amurka saboda haƙƙin mallakar mafi yawansu ya ƙare. Sai dai tsofaffi ne, kada ka je neman soyayyar bana a can. A Amazon kuma a lura: farashin sifili da ke kusa da tambarin Kindle Unlimited na masu biyan kuɗin wata ne. Kyautar gaske takan zama ta ɗan lokaci, domin marubucin da ke tsarin KDP Select, wani tsarin Amazon na marubuta, kwana 5 kawai yake da su na ba da littafinsa kyauta a cikin kowane kwana 90.

Littafin kuɗi da wani ya saya ya watsa a guruf ba kyauta ba ne, ko da ya iso maka ba ka biya ba. Ban da haƙƙin wadda ta kwana tana bugawa da babban yatsa, irin wannan kwafin yakan zo da babi a tsallake ko a maimaice.

Kada kuma a bar littattafai a cikin WhatsApp ko wata manhaja guda. Okadabooks, manhajar littattafan da marubutan Najeriya da dama suka dogara da ita, ta rufe a ƙarshen 2023. Waya ma tana faɗawa ruwa. Buɗe babban fayil guda, wato folda, mai suna Littattafai, ka raba shi uku, na yaƙi, na soyayya, na gida, ka riƙa kwafe shi zuwa Google Drive ko katin memori duk ƙarshen wata. Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda zai ɗauki dubban littattafan EPUB.