Masu sauka Hawan Kibo da lodi, a kula da birki

Salam 'yan uwa direbobi, musamman sababbin hannu da ke bin hanyar Jos zuwa Akwanga. Don Allah kafin ka fara gangaren Hawan Kibo ka tsaya daga sama ka duba gejin iskar birki, ka ja bawul ɗin tankin iska ruwan da ya taru ya fita, sannan ka sa ƙaramar giya tun kan mota ta ɗau gudu, don in ta riga ta kwasa giyar ba za ta shiga ba wallahi.

Kuma a bar ɗora ƙafa kan birki tun daga sama har ƙasa, lainin birkin, wato abin da ke matsewa ya tsayar da taya, zafi yake yi, sai ka ji ƙauri kamar ana ƙona roba, ka taka ka ji ba komai. Ni da idona na ga hayaƙi na tashi daga tayoyin baya na wata tirelar siminti, yaron motar na gudu a gefe da katako zai cusa ƙarƙashin taya, ko gaya wa direba bai yi ba.

Masu sakin mota a firi, wato ba ta cikin giya, wai don tsimin gas kuwa, haba malam, lita nawa za ka rage?