Idan ka durƙusa ka rasa abin faɗa, buɗe Zabura

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama. Ga 'yar shawara ga mai durƙusawa da dare ya yi ta maimaita "Ubangiji ka albarkace mu" har barci ya kwashe shi.

Ka buɗe Zabura, ka karanta aya ɗaya da murya, ka tsaya, ka mayar wa Allah da ita da bakinka. Zabura 23 ta ce Ubangiji makiyayinka ne, ba za ka rasa kome ba. To, nan take ka ambaci abin da kake tsoron rasawa: kuɗin makarantar yara, masarar da ta kusa ƙarewa a rumbu, aikin da ake ta ja maka rai a kai. Ka kira abin da sunansa, sannan ka wuce aya ta gaba.

Yesu kansa haka ya yi a kan gicciye. Da Zabura 22:1 ya yi kuka, da 31:5 ya miƙa ruhunsa.

Wasu kan karanta biyar kullum don su gama duka 150 a wata guda. Ni dai ina ganin gaggawar ta yi yawa, ta 119 kaɗai aya 176 ce. Zabura ɗaya ta isa, ko rabi.

Ranar tuba, ta 51. Kafin tafiya, ta 121. Ranar da zuciya ta yi nauyi kuwa ka nemi ta 88, ba ta ƙare da murna ba, ba kuma sai ka ƙirƙiro murnar ba.

Iyayenmu da idonsu ya yi rauni, jika ya riƙa karanta musu aya-aya, su kuma suna addu'ar.