Yadda za ka nemi bizar Norwe ka je kallon duwatsu da ruwayenta

Kafin ka cike fom ko ɗaya, ɗauki biro da takarda ka rubuta garin da za ka kwana a kowane dare, tun daga ranar tashinka har ranar dawowa. Ni a karon farko ta baya na soma. Na tara takardu, na ce idan biza ta fito na san inda zan nufa. Wani mai haɗa wa mutane takardu ya ba ni shawarar in ari kuɗi in zuba a asusuna sati biyu kafin in miƙa, wai don a ga nauyi. Na bi shawararsa. Aka dawo min da fasfona da takardar ƙi, an yi alama a gurbin da ke cewa ba a gamsu zan koma gida ba. Kuɗin biza kuwa ba a mayarwa. Bayan shekara biyu na sake nema, wannan karon ta Norwe, da hannuna, da asusuna yadda Allah ya yi shi, kuma na samu.

Bizar da kake nema ita ce ta Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ta gajeren zama, wadda ba ta wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180. Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin Shengen, haka ma Aislan. Suwidin da Denmak da Finlan duk suna cikin Shengen, don haka biza ɗaya ta ishe ka. Ƙa'idar ita ce ka nema a wurin ƙasar da za ka fi daɗewa. Idan kwana bakwai za ka yi a Norwe, uku a Suwidin, ƙofar Norwe za ka ƙwanƙwasa, ko da jirginka a Farankfot ta Jamus zai fara sauka.

Abin da ya kamata ka fara yankewa shi ne lokaci, domin ƙasar nan kamar ƙasa biyu ce. Daga Yuni zuwa Agusta dusar ƙanƙara ta narke daga yawancin hanyoyi, ruwa na zubowa daga kan duwatsu ta ko'ina, dare kuma ya kusa ɓacewa. A Tromso, can arewa, rana ba ta faɗuwa sam daga wajen 20 ga Mayu zuwa wajen 22 ga Yuli. Amma a wannan lokacin ba za ka ga koren hasken nan da ke rawa a sararin sama ba, wanda ake cewa orora, saboda shi sai da duhu. Lokacinsa daga ƙarshen Satumba ne zuwa Maris, cikin sanyin da hunturun Jos bai kama ƙafarsa ba, kuma ko ka je ba lallai ka gan shi ba idan hadari ya rufe sama. Mutumin da ya taso a Kano irina, shawarata ya fara da bazararsu. Ni a ƙarshen Yuni na je, kuma ko a hakan sai da na sa riga uku a cikin jirgin ruwa.

Ga hanyar da na bi, kwana tara, kuma ita na rubuta a takardar da na miƙa. Kwana biyu a Oslo. Daga nan jirgin ƙasa mai zuwa Bergen, layin da aka buɗe a 1909, tafiyar kusan awa bakwai idan za ka kai ƙarshe. Yana hawa har tashar Finse, mita 1,222 sama da teku, inda na ga dusar ƙanƙara kwance a gefen layin dogo a tsakiyar bazara, ba bishiya ko ɗaya, sai duwatsu da tafkuna. Na sauka a Myrdal na shiga ƙaramin jirgin da ke gangarawa Flam. Kilomita 20 ne kacal, amma yana saukowa daga tsayin mita sama da 860 zuwa bakin ruwa, kusan awa guda, yana shiga rami yana fita. Yakan tsaya na 'yan mintuna a gaban ruwan Kjosfossen a sauka a gani. Feshin ruwan ya jiƙa min gilashin ido, ƙararsa kuma ta hana ni jin abin da na kusa da ni yake faɗa.

Daga Flam sai jirgin ruwa zuwa Gudvangen, kusan awa biyu. Nan ne abin da ya kawo ni. Fiyod suke ce masa: teku ne ya kutsa cikin ƙasa ta wani kwari mai zurfi da ƙanƙara ta rarake tun zamanin da. Wannan reshen, Naeroyfjord, yana tsukewa har ya kai faɗin mita 250, duwatsu sun tsaya hagu da dama kamar katanga, gonaki ƙanana maƙale a jikinsu. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 2005 tare da na Geiranger. Ban ce uffan ba har muka isa, sai tasbihi. Daga Gudvangen bas zuwa Voss, jirgin ƙasa zuwa Bergen, kwana uku a can, sannan na koma Oslo. Idan ƙafarka na da ƙarfi, ƙara Stavanger ka hau Preikestolen, dutsen da ya miƙe mita 604 a kan ruwa, tafiyar kusan awa huɗu zuwa da dawowa. Amma kada ka cusa Tromso da Bergen da Kwapanhagan ta Denmak cikin sati ɗaya. Norwe doguwa ce ƙwarai, kuma mai duba takardarka ya san nisan.

Da ka gama wannan tsarin, takardu sai su zo da sauƙi, don kowace tana tabbatar da wani layi ne a cikinsa. Fasfonka ya zama an yi shi cikin shekara goma da suka wuce, yana da shafi biyu da ba a taɓa ba, kuma zai ƙara aƙalla wata uku bayan ranar da za ka bar Shengen. Inshorar lafiya ta tafiya dole ce, wadda ta kai Yuro 30,000, ta rufe dukkan ƙasashen Shengen da dukkan kwanakin. Otal ka kama wanda za a iya sokewa ba asara, kowane dare da takardarsa. Tikitin jirgi kuwa ajiyar kujera ta isa, kada ka biya kuɗinsa kafin biza ta fito.

Inda ake faɗuwa shi ne asusun banki da hujjar komawa gida. Ka kai bayanan asusunka na wata shida da hatimin banki, wanda albashinka ko cinikinka ke shiga a kai a kai. Asusu matsakaici mai motsi na gaskiya ya fi wanda ya kwana ba komai ya wayi gari da miliyoyi. Idan wani babban kuɗi ya shigo da dalili, misali ka sayar da fili ko mota, haɗa takardar cinikin. Ma'aikaci ya kawo takarda daga wurin aiki mai nuna matsayinsa da ranar da hutunsa zai ƙare. Ni ɗan kasuwa ne, sai na kai takardar rajistar CAC, da ta haraji, da ta hayar shago, da takardar aure da na haihuwar yara. Na kuma rubuta wasiƙa shafi ɗaya da Turanci mai sauƙi: ga ni, ga sana'ata, ga inda zan je, ga wanda zai biya, ga ranar da zan dawo. Duk abin da ba za ka iya karewa da bakinka ba, kada ka bari wani ya sa maka shi a fayil.

Ana cike fom a shafin intanet na hukumar shige da fice ta Norwe, UDI, a biya a can, don haka ka tanadi katin da ke biyan kuɗin waje. Tun Yunin 2024 kuɗin babba Yuro 90 ne, yaro mai shekara 6 zuwa 12 Yuro 45. Sannan ka kama rana a cibiyar VFS Global, su ma da nasu kuɗin aikin, ka je da kanka a ɗauki hoton yatsunka. Su karɓa kawai suke yi, ba su ke yanke hukunci ba. Doka ta ba ka damar nema tun wata shida kafin tafiya. Amsa kan zo cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45, kuma gab da bazara samun rana kan yi wuya. Mai son tafiya a Yuni ya fara motsi tun Maris. Idan fasfo ya dawo, kafin ka yi murna duba sunanka, da ranakun, da yawan kwanakin da aka ba ka.

Norwe na da tsada, ba wasa. Abin da ya cece ni shi ne kantunan Kiwi da Rema 1000: burodi, kifin gwangwani, ayaba, madara. Ruwan famfo ana sha, gora ɗaya ta ishe ka. Yawancin manyan kantuna a rufe suke ranar Lahadi, ka yi sayayya tun Asabar. Ka haddace kalmar svin, ita ce alade, ka riƙa duba ta a jikin kowane ƙunshi. A Oslo, unguwar Gronland akwai masallatai da gidajen abincin halal. Sallah kuwa sai ka shirya mata: a ƙarshen Yuni rana na faɗuwa a Oslo wajen 11 saura kwata na dare, ta fito kafin ƙarfe 4. Na bi jadawalin masallacin garin, kuma tun a gida na tambayi malaminmu hukuncin haɗa salloli ga matafiyi.

Kusan komai da kati ake biya, har bayan gida a tasha. Tikitin jirgin ƙasa ka saya da wuri a manhajar Vy, ya fi araha, ka kuma sauke Yr don duba yanayi kowace safiya. Rigar ruwa da takalmi mai kama ƙasa sun fi babbar rigar sanyi amfani, musamman a Bergen da ruwan sama ba ya sallama. Takardun nan da ka miƙa kuma ka yi kwafinsu ka riƙe a jakar hannu, kada ka sa a akwati. A filin jirgin da na fara sauka jami'in ya tambaye ni inda zan kwana da ranar komawata, na zaro takardar tsarin tafiyar na miƙa masa, ya bi ta da ido har ƙasa, ya buga hatimi.