Kurakuran da aka fi yi da motar kwana-kwana mai tsani

Kuskuren farko na masu horarwa ne. A ɗauko direban da ya goge da motar ruwa, a miƙa masa makullin mai tsani, a ce ai mota mota ce. Alhali wannan ta fi tsawo, nauyinta a sama yake, gudu kaɗan a shataletale zai iya kifar da ita, bayanta kuma yakan sharo gefe idan ta karya kwana. Kafin sabon direba ya hau titin Ahmadu Bello na Kaduna da jiniya, a kai shi fili, a jera durom-durom, ya yi ta kwana da ribas, wani yana baya yana ba shi hannu. Tsayin motar da nauyinta a rubuta a manna a gaban sitiyari.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kafa mota a wurin gobara. Jama'a na ihu, hayaƙi ya turnuƙe, direba ya tsaya inda ya samu, ya sauke ƙafafun tokara, wato ƙafafun ƙarfen da ke fitowa ta gefe su riƙe motar, bai duba ƙasa ba. Ƙasan kuwa wataƙila murfin gwata ne, ko sokawe da aka shafe da siminti, ko jar ƙasar da ruwan Agusta ya jiƙa sharkaf. Da tsani ya juya gefe, nauyi ya taru a ƙafa ɗaya. In ta nutse, mota ta bi ta, har da ɗan mutanen da ke can sama. Don Allah a koya wa direba ya sauko ya taka wurin da ƙafarsa, ya sa faranti ƙarƙashin kowace ƙafa, ya fitar da ƙafafun har ƙarshe, ya daidaita motar, ya tokare tayoyi. Idan lungu ya matse, irin na Tudun Wada ko kewayen Kasuwar Gumi, ƙafar gefe ɗaya ba ta fita duka ba, to kada tsani ya juya ta wannan gefen.

Sai wayar wuta. Manyan layukan 11kV da 33kV ba sai an taɓa su ba, wuta tana iya tsallakowa. A bar tazarar mita 3 aƙalla, ko da mutanen unguwa sun rantse an ɗauke wuta, domin ana iya dawo da ita babu sallama.

Kada a miƙa tsani ko a janye shi da mutum a kai, matakan suna datse ƙafa. Kuma gwargwadon yadda ya kwanta ya yi nisa, haka nauyin da zai ɗauka ke raguwa. Mai riƙe da libar tsani ya bi jadawalin nauyi da kamfanin ya manna a jikin motar, ya kuma janye tsani da zarar iskar hadari ta taso.