Darasi na 9: Idan Gwamnati Ta Cire Bashinta Daga Rarar Haraji

Malam Iro yana sayar da takalma a babbar kasuwar Garwa. Ɗan ƙanensa Sani ma'aikacin sito ne a Amurka. Ana gab da azumi Sani ya bugo waya.

"Baffa, ka yi haƙuri. Kuɗin da na ce zan aiko maka an zaftare su."

"Subhanallahi! Ɓarayi ne, ɗana?"

"A'a Baffa, gwamnati ce."

Ga yadda abin yake. A Amurka ana cire haraji daga albashi tun bai shiga hannun mai shi ba. Idan shekara ta zagayo aka yi lissafi, wanda aka cire masa fiye da ƙima sai a mayar masa da rara. Amma kafin a biya, Baitulmalin ƙasar kan duba ko sunan mutum na cikin waɗanda hukuma ke bi bashi, kamar tsohon haraji ko kuɗin ciyar da 'ya'ya da kotu ta yanka masa. In yana ciki, sai gwamnati ta ɗebi nata ta miƙa masa saura.

Doka ta ce hukumar da ke bin bashin ta aiko takardar gargaɗi aƙalla kwana 60 kafin ta miƙa wa Baitulmali sunan mutum. A wannan tsakanin yana iya biya, ko ya nemi a rarraba masa, ko ya kawo shaida cewa ba a bin sa. Takardar Sani ta je tsohon gidansa, don ya tashi bai sanar ba. Nan ne abin ya fi ba ni takaici, domin damar tana nan, ta wuce shi yana barci.

Mu ma nan Kamaru ofishin haraji na aiko takardar neman biya, kuma jinkiri na jawo tara. Na sha ganin ɗan kasuwa ya ninke irin takardar nan ya cusa ƙarƙashin tabarmar shago, don kawai da Faransanci aka rubuta ta. Kada ka yi haka. Ranar da ta zo, kai wa mai karatu. Duba sunanka, da lambarka ta mai biyan haraji (NIU), da adadin kuɗin. Rasidan biya kuwa, a zuba su a leda ɗaya, nesa da ruwa da gara.

Aikin gida: Sani na jiran dala 1,200. An cire dala 700. Nawa ya shigo hannunsa? Rubuta amsar da lamba, sannan da kalmomi.