Darasi na 7: Ƙafar hagu da ambiriyaji

Ƴan uwa barkanku da zuwa. A darasin da ya wuce mun koyi karanta allunan bakin hanya, yau kuma cikin motar za mu shiga, mota mai bitesin hannu, wato giyar da direba ke canzawa da hannu, irin taksin da muke hawa kullum daga Wadata zuwa Katako. Ga Alhaji ga Hajiya, duk darasin naku ne, don mata ma yanzu suna tuƙi sosai a Yamai kuma ni ina jin daɗin ganin haka wallahi.

Kafin ka sa makulli, zauna ka gyara kujera yadda ƙafarka ta hagu za ta iya taka abin da ke ƙasa har ƙarshe ba sai ka miƙe ba, ka gyara madubi, ka ɗaura bel. Sai ka duba ƙasa. Abubuwan takawa uku ne. Na hagu shi ne ambiriyaji, ƴan Najeriya kuloci suke ce mai, na tsakiya birki, na dama akselerate wato mai ƙara wuta. Ƙafar hagu aikinta ɗaya tak, ambiriyaji. Ƙafar dama ita ke yawo tsakanin birki da wuta. Kar ka taɓa kai ƙafar hagu kan birki, ko da wasa.

To ga inda karatunmu zai yi amfani. A kan sandar bitesi akwai lambobi, 1, 2, 3, 4, 5, da harafi guda R. Duk mun san su tun darasin lissafi. 1 tana sama ta hagu, 2 ƙasanta, 3 sama a tsakiya, 4 ƙasanta, 5 sama ta dama. R ta baya ce, a yawancin Toyota tana ƙasan 5 amma wasu motoci wani wuri take, shi ya sa nake cewa ka karanta zanen da ke kan sandar kafin ka taɓa. In sanda tana tsakiya tana lilo hagu da dama ba ta cikin kowace lamba, shi ne direbobi ke ce ma puwan mor, a nan ake tada mota.

Yanzu ku ba ni kunnenku da kyau don nan ne mutane ke karaya. Mene ne aikin ambiriyaji? Inji yana juyawa tun da ka tada shi, tayoyi kuma suna tsaye. Tsakaninsu akwai wani faifai. In ka taka ambiriyaji har ƙasa ka raba inji da tayoyi, in ka ɗaga ƙafa ka haɗa su. To abu yana gudu wani yana tsaye, ka haɗa su gaba ɗaya farat, dole motar ta yi tsalle ta mutu, shi ne kake jin ana cewa ta kale. Kamar jakin amalanke ne da aka loda ma buhunan hatsi, in ya fizga da ƙarfi sai ya durƙusa, amma in ya ja a hankali har igiya ta ɗauki nauyi sai kaya su bi shi.

Ga yadda ake yi. Taka ambiriyaji har ƙasa, sa 1, sauke birkin hannu, sai ka fara ɗaga ƙafar hagu kaɗan kaɗan diddigenka yana ƙasa, za ka kai wani wuri da kukan inji zai canza ya yi nauyi, gaban motar ya ɗan motsa kamar tana son tafiya, to nan ne wurin, tsaya da ƙafarka nan kar ka saki, ka ɗan ba ta wuta da ƙafar dama, ka ƙirga ɗaya biyu uku a ranka, in ta fara tafiya sannan ka ƙarasa ɗagawa. Kowace mota da inda nata wurin yake, wata a ƙasa wata can sama, ba wanda zai gaya maka sai ƙafarka. Akwai wata baiwar Allah a ajinmu na bara da motar ta mutu mata ya fi sau goma rana guda, ta ce ita ta haƙura, na ce Hajiya ki bar wuta kwata-kwata yau, ki yi ta ɗaga ƙafa kawai har mota ta gangara da kanta. A fili mai tauri mota tana tashi a 1 ko ba wuta in an bi ta sannu. Kwana uku ta yi a haka, yanzu ita ke kai jikokinta lakkwal.

Canjin bitesi ba wuya in ka iya tashi. Ɗaga ƙafa daga wuta, taka ambiriyaji, canza, saki a hankali. 1 ta tashi ce kawai, da mota ta motsa ka shiga 2, in inji ya fara ihu yana neman ta gaba, in yana kakkarwa kamar zai shaƙe to ka koma ƙaramar lamba, kamar daga 3 zuwa 2. Kuma kar ka kalli sanda, idonka na kan hanya, ƴan kabu-kabu da faba-faba ba su jiran kowa. R kuwa sai mota ta tsaya cik.

Abu biyu na garinmu. Na farko rairayi. Da ka bar gudoro, wato kwalta, ka shiga lungunan Talaje ko Lazare, sa 2 ka riƙe wuta daidai kar ka tsaya a tsakiyar yashi. In ta kafe kar ka yi ta danna wuta ƙafarka rabi a kan ambiriyaji, tayoyi haƙa rami kawai za su yi, kuma in ka ji wari kamar na ƙonewa faifan ne ke ci, gyaransa sai an sauke akwatin bitesi gaba ɗaya, kuɗi ne masu yawa. Haka ma mai ɗora ƙafa kan ambiriyaji yana tafiya, ko mai riƙe shi a cunkoson gadar Kennedy da yamma lokacin da ƴan Harobanda ke komawa gida. In tsayuwar ta yi tsawo koma puwan mor ka huta da ƙafa.

Na biyu hawa, kamar in ka taso daga bakin kogi za ka hau cikin gari aka tsayar da kai a tudu. Ja birkin hannu. Sa 1, nemo wurin nan da muka ce, ƙara wuta ta ɗan fi ta kullum, in ka ji motar tana ja sai ka sauke birkin hannu. Ko na bayanka yana ta oda, ƙyale shi, gara ya jira da ka koma baya ka buge shi.

Don Allah kar wanda ya fita titi da wannan takarda kaɗai. Ka je oto-ekol, wato makarantar koyon tuƙi, ka ci jarrabawar kod, wato dokokin hanya, da ta tuƙi, ka karɓi permi ɗinka, wato lasin tuƙi. Aikin gida: zana sandar bitesi a allonka ka rubuta 1 zuwa 5 da R kowace a wurinta, sannan ka zauna kan kujera ka yi ta ɗaga ƙafar hagu a hankali kana ƙirga ɗaya biyu uku. Ranar Asabar a zo da takalmi mai kama ƙafa, ban da silifa.